Sunan Wane

A ƙasan benen da suke zaune akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon titi. Gidan na wan matarsa ne, amma makullin ɗakin ya yi shekaru a aljihun maigidan, mai sayar da tabarau, domin a cewarsa a nan zai rubuta littafin da zai girgiza ƙasa. Ya sa tebur, ya sa kujera mai juyi, ya liƙa takarda a ƙofa: ANA TUNANI, KADA A ƘWANƘWASA. Ƙasa dai ba ta girgiza ba. Duk wanda ya tambaye shi inda aka kwana, amsar ɗaya ce: "Ina kan babi na ɗaya." Da haka unguwa ta laƙaba masa Babi-Ɗaya, har masu zuwa gwajin ido a shagonsa suka ɗauka sunansa ne na gaskiya.

Matarsa tela ce. Kekenta na falo tsakanin talabijin da firij, masu zuwa awo kuma suna jira a kan matakala. Ba mai yawan magana ba ce. Duk lokacin da ta wuce ɗakin nan takan ɗan tsaya ta dubi tagar, irin duban da take yi wa yadi mai kyau a jikin wanda bai dace da shi ba.

Wanta kuwa, mai gidan, tsohon mai tsaron raga ne. Tun yana saurayi ake ce masa Bango, domin wai ƙwallo ba ta wuce shi. Yanzu tumbi ya fito, gwiwa ta ƙi, an naɗa shi shugaban kwamitin unguwa. Abu ɗaya ne ya taɓa wuce shi: injin jan ruwan unguwa, wanda aka wayi gari babu shi bara, a zamanin shugabancinsa. Ba a gano ɓarawon ba, kuma ba a ta da zancen a gabansa.

Wata ranar hutu Yaya Bango ya hau benen yana haki, ya yi tuntuɓe da buhun ƙyallaye, ya tarar da mata biyu zaune a matakala da ledojinsu. Ya sa aka kira surukin nasa.

"Littafin nan naka, ya kai ina?"

"Yaya, ai rubutu ba ginin bulo ba ne. Ina kan..."

"Na sani. Kowa ya sani." Ya dubi ƙanwarsa, ya dubi keken. "In aka buɗe makarantu ban riƙe littafi a hannuna ba, mai bango, mai shafuka, to makulli ya koma hannun wadda ake ganin aikinta."

Matar ba ta ɗago kai ba. Sai dai keken ya ɗan ƙara gudu.

Babi-Ɗaya ya sauka ƙasa ransa a ɓace, ya zauna a kujera mai juyi, ya juya. In aka karɓe ɗakin nan, me ya rage? Mai sayar da tabarau kawai, irin wanda ake samu a kowane titi. Da ɗakin kuwa marubuci ne, ko da bai rubuta ba.

Allah ya taimake shi, a makon aka yi wata bitar marubuta ta wuni guda. Ya isa a makare, ya tashi kafin a rufe, amma ya dawo da ilmin da ya ishi unguwa duka. Shagon mai aski, da ke kallon tagarsa, nan ya fara sauke shi.

"Kuskuren ƙananan marubuta," ya ce, yana zaune an ɗaura masa mayafi a wuya, "shi ne su fara da suna. Suna rufi ne. Wa ya taɓa yin rufi kafin gini? Jarumi sai ka gina shi tukuna: tafiyarsa, tsoronsa, aibinsa. In ya tsaya da ƙafarsa, sunan zai zo da kansa."

"To kafin ya zo me kake ce masa?" in ji mai aski.

"Wane."

"Wane?"

"Wane. Duk inda sunansa zai fito na rubuta Wane. Ranar da sunan ya zo, maɓalli ɗaya zan danna, kwamfuta ta canza duka. Ku da kuke aiki da almakashi ba za ku gane ba."

"Allah ya raya Wane," in ji mai aski. "Sunkuyar da kai."

Labarin da ya zaɓa shi ne na injin ruwa, domin an ce a bita marubuci ya rubuta abin da ya sani. Jarumin mai bincike ne, wanda zai gano ɓarawo. Saura a gina shi.

Ya fara da tafiya. An ce a lura da mutane, sai ya zaɓi mai gyaran famfo, wanda ke da wani taku na ƙasaita, ya bi shi a baya daga bakin titi har kasuwa yana kwaikwayo, kafaɗa ɗaya sama, ƙafar hagu na jan ƙasa. A gaban masu kayan gwari mutumin ya juyo da sifana a hannu.

"Malam, lafiya? Ƙusa na taka jiya. Abin dariya ne?"

Ya dawo da gudu, da irin tafiyarsa ta asali.

Sai tsoro. A shago, maimakon ya nuna wa masu gwaji allon haruffa, sai ya rufe musu ido ɗaya ya matso kusa ya ce a hankali, "Mene ne babban abin da kike tsoro a rayuwa?" Wata tsohuwa ta ce, "Yanzu dai kai ne, ɗan nan," ta ɗauki jakarta.

Aibi ne ya fi ba shi wahala. An ce dole jarumi ya kasance da aibi, in ba haka ba mai karatu ba zai yarda da shi ba. Ya ba Wane mantuwa, sai ya ga mai bincike mai mantuwa ba zai kama kowa ba. Ya ba shi rowa, ya ga bai isa ba, ya ƙara masa munshari da tsoron kyankyaso. Da ya karanta wa matarsa, ta cire allura daga baki ta ce, "Baban yara, ai na san mutumin nan."

"Kin gani! Alamar ya rayu ke nan."

"Ƙwarai. Har na san wadda ke kashe masa kyankyason."

Bai tsaya bin zancen ba. Abin mamaki, wa'adin Yaya ya yi abin da shekaru suka kasa: babi na ɗaya ya ƙare, na biyu ya biyo baya, shafuka suka taru. Wane ya hau katanga, Wane ya tsare masu gadi da tambayoyi, Wane ya yi munshari a bakin aiki. Rufi kawai ya rage, sunan kuma ya ƙi zuwa da kansa.

An ce a bita a gwada suna da baki, a ji yadda yake faɗuwa a kunne. Sai ya buɗe taga ya ƙwala kiran wani suna mai nauyi. Mai shagon caji ya leƙo, direban da ke wanke mota ya ɗago, wani ma ya amsa daga bayan gida. Da suka ji jarumin littafi ake nema wa suna, kowa ya washe baki, har mai aski ya sanar da su cewa jarumin marowaci ne mai tsoron kyankyaso. Direban ya ce in aka sa sunansa za a haɗu a gaban hukuma.

Ya gwada wani sunan, ashe na mijin mai sayar da ƙanƙara ne, wanda ya tafi ya bar ta da yara. Ta fito da guga a hannu tana tambayar ina yake.

Sai ya yanke shawarar ƙirƙiro sunan da babu mai shi a duniya. Ya kwana biyu yana harhaɗa gaɓoɓi, ya tsallaka shagon aski ya furta shi da ƙarfi, yana ɗaga hannu.

Mai aski ya ce, "Sau nawa ake sha a rana?"

"Me?"

"Ba maganin basir ba ne?"

Masu jiran layi suka kwashe da dariya, har wanda ake yi wa gyaran fuska ya kusa rasa kunne.

Yana tsallakowa gida, ransa a jagule, ya hangi Yaya Bango yana fitowa daga mota, makullan gidajensa na kaɗawa a ƙugu. Nan take abin ya faɗo masa. Bango! Gajere, mai nauyi, ba ya kama da magani. Kuma wane mai gida ne zai karɓe ɗaki daga hannun wanda ya mai da shi jarumi? Jarumin da ya gano ɓarawon injin ruwa, a takarda dai, tunda a fili abin ya gagara. Munshari da kyankyaso kuwa, ai Yaya ba mai karatu ba ne. Da wuya ya wuce shafin farko.

Ya kulle ƙofa, ya buɗe kwamfuta. A gurbin sama ya rubuta wane, a na ƙasa ya rubuta Bango, ya danna canza duka. Na'urar ta nuna masa adadin wuraren da ta canza. Adadin ya fi abin da ya zata nesa ba kusa ba. Ya jingina da kujera cike da gamsuwa. An faɗa a bita: jarumin kirki yakan cika littafinsa.

Bai sake karantawa ba. Ya kwafe a filashi ya nufi maɗaba'a.

"Taken yana shafin farko, shi za ka ɗora a bango," ya ce wa mai ɗab'i. "Manyan baƙaƙe, ja. Ban sa masa alamar tambaya ba, kada ka ƙara. Alamar tambaya a bangon littafi tana nuna marubuci bai san inda ya dosa ba."

Washegari mai ɗab'i ya kira shi a waya. "Malam, akwai wani abu game da bangon nan."

"Me ya sami bangon? Launi?"

"A'a, ba bangon waje ba. Bangon ciki. Ya yi yawa."

"Littafi bango biyu gare shi, gaba da baya."

"Ina nufin Bango, mutumin. Yana ko'ina. Da ka zo ka duba kwafin gwaji..."

"Ai shi ne jarumin! Ina kake so ya kasance, a maƙwabta? Kai dai buga abin da aka ba ka. Ko waƙafi ka taɓa, ba ni ba kai. Ka liƙe kwalin da kyau, ba mai buɗewa sai babban baƙo, a gaban jama'a."

"Shi ke nan," in ji mai ɗab'i. "Yadda ka ce."

Ranar ƙaddamarwa aka jera kujerun roba a harabar gidan, aka ɗauko lasifika. Unguwa ta fito kaf, domin wanda ya shekara yana jin babi na ɗaya ba zai so a ba shi labarin na ƙarshe ba. 'Yan kwamiti suka zauna a gaba. Yaya Bango na tsakiya, a kujera mai juyi da aka fito da ita don girmamawa, kwalin littattafai a gabansa an ɗaure da jan ƙyalle daga ragowar ɗinkin ƙanwarsa. Ita tana can gefe, hannuwa a cinya.

Babi-Ɗaya ya karɓi makirfo ya ƙwanƙwasa shi.

"Jama'a, kun daɗe kuna tambaya, Wane, Wane, shin wane ne Wane? Yau za ku sani. Littafin nan a kan injin ruwanmu yake." Yaya ya gyara zama. "Mutumin da ke cikinsa ba daga sama na ɗauko shi ba. Yana cikinmu. Na daɗe ina lura da shi, na san shigarsa, na san fitarsa. Kowa na ganinsa kullum, amma ba wanda ya san abin da zai iya aikatawa. Ni na sani. Kuma ban ji tsoro ba, na sa sunansa baro-baro. Yaya, bisimilla."

Yaya ya kwance ƙyallen, ya yage kwalin, ya zaro littafi ɗaya. Kamar yadda ya ga manya na yi, bai duba ba, sai ya ɗaga shi sama ya juya wa jama'a, yana murmushi don masu ɗaukar hoto da waya.

A jikin bangon, da manyan baƙaƙe ja, an rubuta: BANGO NE YA SACE INJIN RUWA.

Mai sayar da ƙanƙara ce ta fara magana, daga baya. "Ni dama na faɗa."

Yaya ya ga fuskoki ba irin na taya murna ba ne. Ya juyo da littafin. Tabaransa, wanda surukin nasa ya yanka masa da hannunsa, bai ɓoye masa ko harafi ɗaya ba.

"Kai," ya ce a hankali. "Mene ne wannan?"

Babi-Ɗaya ya leƙa. "Yaya, tambaya ce! Wane ne ya sace injin ruwa, haka na rubuta. Tambaya ce!"

"Ina alamar tambayar?" in ji mai aski.

"Kuskuren maɗaba'a ne!"

"Ko waƙafi ban taɓa ba," in ji mai ɗab'i daga inda yake tsaye, cikin ladabi.

"Ku tsaya, ku tsaya! In kun ji cikin labarin za ku gane. Yabo ne tsantsa." Ya fizgi kwafi ɗaya ya buɗe shafin farko, ya soma karantawa da sauri, bakinsa na gaba, hankalinsa na biye.

"Da gari ya waye, koBango gida ya tashi babu ruwa. KoBango mutum ya fito da bokiti. Wata tsohuwa ta ɗaga hannu sama ta ce, Bango irin marar imani ne zai yi mana haka?"

"Kai!" in ji wani ɗan kwamiti.

"A'a, wane irin, wane irin! Bari in tsallake." Ya buɗe tsakiya. "Bango ya tsare mai gadi ya ce masa, a Bango lokaci ka yi barci? Mai gadi ya ce, ranka ya daɗe, ni ban ga kowa ba. Bango ya daka masa tsawa: to in ba ka ga kowa ba, Bango ne ya buɗe ƙofar?"

"Ya ma amsa da bakinsa," in ji direba.

Dariyar ta fara daga baya, ta gangaro layi-layi har ta iso 'yan kwamiti, waɗanda suka yi iya ƙoƙarinsu, suka kasa. Sakataren kwamiti ya ɗauki kwafi yana bin shafuka da yatsa. "Shugaba, wai nan an ce kana munshari a bakin aiki. Ga kuma kyankyaso ya kore ka daga ɗaki."

"Wannan aibi ne!" Babi-Ɗaya ya yi ihu. "Dole jarumi ya yi aibi! Ku bari in karanta ƙarshe, a nan aka wanke shi tas. Baƙo ne ɓarawon, wallahi baƙo ne!" Ya buɗe shafin ƙarshe. "Jama'a suka taru suka ce da murya ɗaya, yau dai a faɗa mana, Bango ne ɓarawon? Ya yi murmushi ya ce, ai koBango yaro a unguwar nan ya san..."

Bai ƙarasa ba. Yaya ya miƙe, kujerar ta ci gaba da juyawa ita kaɗai a bayansa. Bai ɗaga murya ba. Ya miƙa tafin hannunsa, faffaɗan hannun nan da ya sha tare ƙwallo.

"Yaya, littafi ka ce, mai bango, mai shafuka. Ga shi, ai an cika sharaɗi."

"Bango kam akwai shi," in ji mai aski. "Ba a yi rowarsa ba."

Hannun bai motsa ba. Babi-Ɗaya ya laluba aljihu ya ɗora makullin a kai. Yaya ya taka har inda ƙanwarsa take ya ajiye mata a cinya, ya sa aka kai kwalin bayan motarsa, ya tafi bai yi wa kowa sallama ba. Sai dai kafin a rufe kwalin an riga an zare kwafi da dama, kuma a makon nan, a karo na farko, unguwa ta karanta littafi daga farko har ƙarshe.

Daga ranar magana ta canza a titin. In ka tambayi mai shagon caji yaushe za a kawo wuta, sai ya ce, "KoBango lokaci." In aka ƙwanƙwasa ƙofa, na ciki ya ce, "Bango ne?" na waje ya ce, "A'a, ajiye injinka." Yaya ya daina bin titin da ƙafa. Shi kuwa marubucin, ba wanda ya ƙara ce masa Babi-Ɗaya, tunda ya wuce nan. Mai aski ne ya fara, unguwa ta ɗauka: Malam Wane. Sunan ya zo da kansa, kamar yadda aka faɗa a bita.

Matarsa ta sauke keken ƙasa, ta sa labule a tagar, ta bar takardar ƙofar yadda take, sai dai ta soke kalmar TUNANI ta rubuta AIKI, ta goge KADA. Da ta ga yana zagaye a falo kamar wanda ya ɓatar da wani abu, ta ba shi kusurwa ɗaya a ɗakin, bayan teburin guga, da sharaɗin ba zai yi wa masu awo tambaya ba.

Wata safiya tana yanka yadi ta ji maɓallai na ƙara a bayanta.

"Baban yara, me ake yi kuma?"

"Sabon littafi. Wannan karon mace ce jarumar, kuma na koyi darasi. Ba Wane, ba Wance. Kalmar da na sa ba ta da alaƙa da tambaya ko kaɗan." Ya juyo yana murmushin wanda ya riga kowa wayo. "Kaza. Kin san yadda ake cewa abu kaza. Duk inda sunanta zai fito na sa Kaza. In na gama, maɓalli ɗaya."

"Sunan wa za ka sa?"

"Naki mana. Wa ya fi ki cancanta?"

Almakashin ya tsaya. "Me ke faruwa a labarin?"

"Yanzu dai ina kan babi na ɗaya. Baƙi sun zo gidan ba zato, an rasa abin da za a ba su, sai maigidan ya ce a kamo kaza a yanka, a fige ta, a..."

Ta ajiye almakashin. Ta taka a nutse zuwa soket, ta zare wayar kwamfutar, ta nannaɗe ta da kyau ta sa a aljihun rigarta, ta jona dutsen guga.